Fauziya da Mai Fasa Akwati

Ranar da Abdulmajeed ya fara ganin Fauziya, da niyyar faɗa ya fito daga gida.

Asabar ce, a zauren wata makarantar Islamiyya da ke Maamobi, inda masu amfani da Linux na unguwannin Zongo, wato zangon Hausawa, kan haɗu lokaci-lokaci. Linux tsari ne da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ake ɗaukarsa, kuma kowa na da damar buɗe cikinsa ya gyara. Da shi Abdulmajeed ke cin abinci. Yana da ɗan shago a Nima, inda yake tayar da matattun kwamfutocin da yake samowa a hannun 'yan gwangwan na wajen kasuwar Agbogbloshie, ya sa musu Linux, ya sayar wa malaman makaranta da teloli da ɗalibai.

An gaya masa wata za ta zo ta yi tallar abin da ya fi tsana, wato manhajar akwati. A da, in ka sauke manhaja, shigowa take yi ta zauna da sauran, suna aron kayan aikin juna. Sabon yayin kuwa shi ne a naɗe kowace manhaja cikin nata akwatin da duk kayanta, a rufe, ba ta ganin komai na cikin kwamfutar sai abin da aka ba ta izini. Wani irin Snap ake ce masa, wani Flatpak. 'Yan Zongo dai akwati suke ce wa duka.

Ya zauna a bencin baya, sukudireba a aljihun gaba, ya shirya maganarsa tsaf.

Sai ta miƙe.

Siririya ce cikin mayafi ruwan toka, da ɗan tabarau da ke yawan zamowa kan hancinta. Ta haɗa laftof ɗinta da majigi, ta yi sallama, ta fara bayani a nutse, da Hausa, tana tsoma Turanci da Twi, yaren 'yan gari, inda ya kama. Yatsunta na gudu a kan kibod ba ta ko kallonsu. A gaban idon kowa ta ɗauki wata manhaja ta naɗe ta cikin akwati, tun daga farko har ƙarshe. Abdulmajeed bai taɓa ganin mai yin wannan da hannunsa ba. A zatonsa sai a Turai ake samun irinsu. Ga shi yau 'yar Zongo ce, a zauren da yara ke karatun allo. Ya saki baki yana kallo, har na kusa da shi ya zungure shi.

"Chale, abokina, ba kai ka ce za ka rufe mata baki ba?"

Ya miƙe da ƙyar.

"Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Sunana Abdulmajeed. Ni duk kwamfutar da ta shigo shagona, abin da nake fara yi shi ne in fasa akwatunan nan in zubar."

Zauren ya ɗauki tafi. Ashe ba shi kaɗai ke da ciwon ba.

Ta gyara tabarau. "Me suka yi maka?"

"A tsohuwar kwamfuta, in ka danna manhajar akwati, sai ka je ka sha koko ka dawo ba ta buɗe ba. Ga cin wuri, ga cin data. Malam ya sa filashinsa, ta ce ba ta gan shi ba. Kuma babu wanda ya tambaye mu. Mun wayi gari ne kawai muka ga an sauya mana. Mu da muka gudo Linux don mu zama masu iko da kayanmu!"

Ta dube shi, ba alamar fushi.

"Rabin maganarka gaskiya ce," ta ce.

"Ɗaya rabin fa?"

"Ban ga shagonka ba tukuna. In na gani sai in gaya maka."

Aka bushe da dariya. Da aka tashi ya ba ta lambarsa, sai da ya yi kuskure ya sake karantowa.

Washegari saƙo ya shigo.

"Salam. Fauziya ce, mai akwati. Ina shagon yake?"

"Wa alaikumus salam. Ki sauka daga motar haya ta trotro a bakin kasuwar Nima, ki bi layin masu kayan yaji, ki tambayi Majeed Kwamfuta. Amma ki bar akwatinki a gida."

"Da shi zan zo. Ka ɓoye gudumarka."

Da ta shiga shagon sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ƙarasawa. Kwamfutoci ne jere a kan kanta, wasu sun girme ta, wasu an ɗaure murfinsu da waya, kuma kowace a kunne take tana aiki. Ya nuna mata wata da aka tsamo daga cikin laka, yanzu wani malami ke buga jarrabawa da ita. Ya nuna mata wata da ya haɗa daga gawar kwamfutoci daban-daban.

"Duk kai ka tayar da su?" ta tambaya a hankali.

"Allah ya tayar, ni dai na riƙe sukudireba."

Ya zaunar da ita gaban mafi tsufansu, ya ce ta danna manhajar akwati da hannunta. Ta danna. Suka zauna suna jira. Mai waakye, shinkafa da wake, ta wuce, ya saya musu, suka fara ci, sannan manhajar ta buɗe.

Fauziya ta ajiye cokali. "A tawa laftof ɗin ƙiftawar ido ce. Wallahi ban san haka mutane ke sha ba."

"To ɗaya rabin fa?"

Ta nemi izinin taɓa kwamfutarsa ta kansa. Ta rubuta wata 'yar manhaja nan take, ta sake ta ba tare da akwati ba. Kafin ya ankara duk abin da ya adana ya bazu a fuskar kwamfutar: takardu, waƙoƙi, hotuna. A tsakiyar hotunan ga wata mai mayafi ruwan toka tana tsaye gaban majigi.

Fauziya ta nuna hoton da yatsa.

"Wannan wace ce?"

"Majigin na ɗauka."

"Majigin ne ya yafa mayafi?"

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ita ma ta kawar da fuska don kada ya ga murmushinta. Sannan ta sa manhajar cikin akwati ta sake sakinta. Ba ta ga komai ba, ko fayil ɗaya.

"Ni na rubuta wannan, kuma ba ni da mugun nufi," ta ce. "Ka tuna telan da ke ajiye hotunan matan mutane a kwamfutar da ka sayar masa. In ya sauke manhajar wanda bai sani ba fa?"

Abdulmajeed ya gyaɗa kai. Shekara da shekaru yana gardamar nan, ba wanda ya taɓa kayar da shi haka.

Daga wannan rana gardama ta zama hanyar gaisuwarsu, har a saƙon waya. Shi yana kiranta Uwar Akwati, ita tana kiransa Sarkin Gardama.

"Uwar Akwati, kin tashi lafiya? Yau na fasa wani, na tuna da ke, hannuna ya yi sanyi."

"Sarkin Gardama, Allah ya shirye ka. Ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba. Tun da na san ki, yunwa ma sai ta yi sallama kafin in ji ta."

"Ka je ka ci, Majeed. Ina son ka da ƙarfinka, don ban gama kayar da kai ba."

Ya karanta saƙon ya sake karantawa, amma kalmomi uku na farkon jimlar ƙarshe kawai yake gani.

Da maganar ta yi nisa, Fauziya ta gaya wa mahaifiyarta, Mma Adiza. Mma ta yi murna, ta kai zancen gaban maigida. Alhaji Kadiri, mahaifin Fauziya, yana da ƙaramar maɗaba'a a Nima, mutum ne mai ji da asalinsa, ɗan malamai. Ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Yarinyar da ta gama jami'a zan ɗauka in ba mai tonon bola? Ga Razak ɗan aminina, yana aikin banki, ya daɗe yana nuna yana so. Ba zan tilasta mata ba, amma wancan kada ya tako mini gida."

Fauziya ta yi kuka, amma ba ta yi wa mahaifinta musu ba. A lokacin ma wani aiki take yi masa wanda ya fi komai girma a zuciyarsa. Kakanta, marigayi Malam Tijani, ya koyar a Nima har ƙarshen ransa, ya bar waƙoƙin wa'azi da ya rubuta da ajami. Takardun sun fara ruɓewa, tawadar na dusashewa. Burin Alhaji shi ne ya buga su littafi, da ajamin, kamar yadda mahaifinsa ya rubuta.

Fauziya ta zauna ta buga su duka. Amma da ta zuba su cikin manhajar tsara littafi, wadda ke cikin akwati, sai haruffan da Hausa ta keɓanta da su suka ƙi fitowa. A madadinsu wasu 'yan murabba'ai ne fanko, kamar haƙoran da suka zube. Ta gwada duk dabarar da ta sani, abin ya ƙi. Razak ya kawo sabuwar laftof da manhaja mai tsada. A nan haruffan suka fito, amma sun koma na Larabci zalla, ɗigo-ɗigon Hausa sun ɓace. Alhaji ya karanta layi ɗaya ya ture.

"Wannan ba maganar mahaifina ba ce."

Ta haɗiye girman kai ta ɗauki hoton shafin ta tura wa Abdulmajeed.

"Sarkin Gardama, ga akwatina ya ba ni kunya. Kada ka yi mini dariya."

"Ba zan yi ba, Fauzi. Bar ni da shi."

Ba a jima ba Razak ya zo maɗaba'a da waya a hannu, fuskarsa a murtuke. Ya miƙa wa Alhaji. A guruf ɗin masu adawa da akwati wani ya saka hoton shafin, ya rubuta a ƙasa: "Ga aikin Uwar Akwati." Fuskokin dariya sun cika wurin.

Alhaji ya ɗago kai. "Rubutun mahaifina ake wa dariya a waya?"

Fauziya ta karɓi wayar. Ba dariyar ce ta fi sukarta ba, sunan ne. Sunan da ta ɗauka nasu ne su biyu. Ta shiga ɗaki ta rubuta:

"Na ba ka amana ka kai kasuwa. Har da sunan. Kada ka sake kirana."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo.

"Fauziya, na yi laifi biyu. Na nuna shafin ban tambaye ki ba, kuma bakina ya suɓuce da sunan a gaban abokai, don ba na iya yini ban ambace ki ba. Amma wallahi ba guruf na kai ba, wani ne ya kwaso daga inda na kai. Na fita daga guruf ɗin. Ga adireshin wurin. Ki buɗe sau ɗaya. In kin ga raini a ciki, ki goge lambata, ba zan ce kin zalunce ni ba."

Ta ƙi buɗewa. Kwanaki suka wuce tana tsakurar abinci. Wata safiya Mma Adiza ta same ta a tsakar gida tana juya koko a kofi ba ta sha.

"Ke da kike karanta har rubutun gindin gwangwanin madara, wannan ne ba za ki karanta ba? Karanta, 'yata. In fushin ne, ki yi shi da hujja."

Ta buɗe.

Shafin masu kula da manhajar ne, inda ake kai rahoton matsala. Abdulmajeed ya rubuta da Turancinsa na kasuwa. Ya ce shi ba ya son akwati, ba zai ɓoye ba. Amma akwai wata da yake girmamawa fiye da kowa, ta yarda da shi, kuma haruffan kakanta sun ƙi fitowa. Ya ce in har akwatin nan na kowa ne, to ya ɗauki haruffanmu.

Ta ja shafin ƙasa, sai ga amsoshi.

Wani daga Senegal ya amsa, ya ce shi ma yana rubuta harshensu da ajami, ya daɗe yana fama, ya zaci shi kaɗai ne. Wata malama daga Indonesiya ta ce haka take gani a littattafan pondok ɗinsu, wato makarantunsu na allo. Sai wani dattijo daga wata ƙasa mai ƙanƙara, ya ce shi bai taɓa jin sunan Hausa ba sai a wannan shafin, amma haruffan sun yi masa kyau, ya kwashe hutunsa yana bin diddigi. Ya gano akwatin yana ɗauke da tsohon kayan haɗa haruffa, wanda aka yi kafin a shigar da waɗannan. Ya ce gyaran zai yiwu, sai dai ana bukatar wanda ya iya naɗa akwati kuma ya iya karanta ajami. Akwai irinsa kuwa?

A ƙasa Abdulmajeed ya amsa: "Akwai ta. Babu kamarta. Amma tana fushi da ni."

Dattijon ya rubuta: "To mu jira ta huce."

Fauziya ta rufe baki da mayafi, dariya da hawaye suka zo mata tare. Mutanen da ba ta taɓa gani ba, a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, suna zaune suna jiran fushinta ya wuce saboda haruffan Malam Tijani na Nima.

Ta ɗauki waya.

"Sarkin Gardama."

"Na'am, Fauzi. Na'am. Na'am."

"Sau ɗaya ya isa. Ka kunna mafi tsufan kwamfutarka, kai za ka riƙa gwada mini."

Haka suka yi aikin. Ita tana naɗawa, dattijon yana dubawa, na Senegal da ta Indonesiya suna gwadawa da nasu haruffan, Abdulmajeed yana ƙorafi. Duk lokacin da ya ce ya yi nauyi, sai ta koma ta rage. Ranar da masu kula da manhajar suka karɓi gyaran, ta daɗe tana kallon sunanta a jerin waɗanda suka sa hannu.

Mma Adiza ce ta shawo kan Alhaji ya yarda saurayin ya shigo maɗaba'a, bayan Fauziya ta karanta masa shafin daga sama har ƙasa. Bayan sallar Azahar Abdulmajeed ya zo da kaftani fari, ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya amsa a taƙaice.

Fauziya ta sabunta manhajar, ta buɗe littafin.

Haruffan suka cika fuskar kwamfutar, masu kauri, masu lanƙwasa irin ta rubutun allo, kowane ɗigo a mazauninsa. Babu murabba'i ko ɗaya.

Alhaji ya matso da kujera. Ya sa tabarau. Ya ɗora yatsa a kan gilashin yana bin layin daga dama, leɓunansa na motsi. Can sai murya ta fito, ba muryar karatu ba, ta rerawa, da karin da mahaifinsa ke rerawa a zaure suna yara. Ma'aikatan maɗaba'ar suka kashe inji. Mma Adiza ta jingina da ƙofa. Ya kai ƙarshen baitin, ya cire tabarau ya share ido da hannun riga.

"Su mutanen nan, me aka ba su?"

"Ba a ba su komai ba, Baba."

"Sun san mahaifina?"

"Ba su san shi ba. Dattijon ma ba Musulmi ba ne."

"Allahu Akbar," Alhaji ya ce a hankali. "Allahu Akbar. Ashe har yanzu akwai irin waɗannan a duniya."

Ya juya ya dubi Abdulmajeed, kallon da bai taɓa yi masa ba.

"Kai ne mai fasa akwati?"

"Ni ne, Alhaji."

"Har yanzu kana fasawa?"

Abdulmajeed ya saci kallon Fauziya. "Wasu, Alhaji. In kwamfutar ta tsufa ƙwarai ba ta iya ɗauka, ina fasawa. Amma na manhajar shiga intanet na daina taɓawa. A nan ta fi ni gaskiya."

Alhaji ya yi murmushi. "Ko don neman aure ba ka iya ƙarya ba. Abin da kake ƙi ka je ka nema wa gyara saboda ita. Na faɗi magana a kanka ban san ka ba, ka yafe mini. Ka turo manyanka."

Abdulmajeed ya durƙusa ya yi godiya.

Razak da ya ji yadda abin yake, da ƙafarsa ya je shagon ya ba da haƙuri, ya ce abin da ya gani ya kai, bai bincika ba. Suka yi musabaha. Ya janye, ya yi musu fatan alheri.

Aka ɗaura aure a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a, aka raba goro da dabino. Da la'asar aka fito da amarya. Lungun gidan su Abdulmajeed mota ba ta shiga, don haka a bakin titi aka sauke ta, mata suka kewaye ta suna guɗa.

Suna tsakiyar lungun hadari ya taso daga wajen teku. Kafin a ce a fake ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu ɗumi, rana kuma ba ta ɓuya ba, duk kwanukan rufin Nima suka ɗauki ƙyalli. Matan suka ware babban zane suka riƙe a saman amarya. Sai ga ango ya fito da gudu, babu takalmi, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana riƙe da lemar da ta ƙi buɗewa.

Guɗa ta koma dariya. Fauziya ta ɗaga mayafi kaɗan ta dube shi.

"Majeed, ka jiƙe."

"Ban ji ba, Fauzi. Da gaske gidana za ki shiga?"

"In ka matsa daga hanya."

Wata gwaggonta da ta rako ta ta kama hannunta ta sa a nasa, a nan cikin ruwan, ta ɗaga murya yadda duk lungun zai ji.

"Ga amanarmu mun kawo. Allah ya sanya albarka kamar yadda ya sauko da ruwan nan. Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuriya masu jin ƙai, ya sa gidanku ya zama inda ake zuwa a huta."

Daga tagogi, daga ƙofofi, daga ƙarƙashin rumfunan da mutane suka fake, Nima ta amsa da murya ɗaya:

"Amin!"